In kashiya ta yi kuskure kuɗi suka dawo wajenka, ga yadda ake faɗa ba tare da an jawo mata matsala ba

Ka kwaso kaya a kanti, madara da sukari da omo da taliya da ɗan man gyaɗa, tun kana zagaye da kwando kana haɗa lissafi a kanka ka san abin zai doshi naira 18,000, sai ka zo gaban kashiya ta gama danne-dannenta ta ɗago ta ce maka 11,500. A wannan ɗan lokacin da bai fi ƙiftawar ido ba zuciya takan rabu biyu, ɗaya ta ce maka kai malam biya ka fice tsuntsu ne daga sama gasasshe, ɗaya kuma ta ce anya kuwa. Ni dai amsata guda ce, ka faɗa mata, kuma ka faɗa tun kana tsaye a wurin. Sai dai yadda za a faɗa ɗin ne mutane da yawa ba su iya ba, har ka ga mai niyyar alheri ya je ya jawo wa 'yar mutane kora daga aiki.

Bari in fara da inda kuɗin ke fitowa, don yawancin masu yin shiru suna lallashin kansu ne da cewa ai Alhaji mai kanti ko a jikinsa, mutumin da yake da reshe uku me naira 2,000 za ta rage shi da shi. Wallahi ba daga aljihun Alhaji take fita ba. Na yi zaman shagon tireda na yayana shekara uku, daga baya kuma na yi aikin kashiya a wani babban kanti a Kano, don haka abin da ido ya gani nake faɗa. In an tashi da dare, ko 'yan safe za su miƙa wa 'yan yamma, kwamfuta za ta fitar da jimillar abin da ka sayar, tsabar kuɗi kaza, POS kaza, taransifa kaza, sai a jawo durowarka a ƙirga a gabanka. In ya yi daidai ka sa hannu ka kama hanyar gida. In ya gaza ko da naira 500 ce a rubuta a littafi ka sa hannu, ƙarshen wata a zare a albashinka, mu shoti muke ce masa. Ka tuna fa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma da yawan masu wuni a tsaye suna karɓar kuɗi a kantuna ko kusa da shi ba sa samu, a ciki za su yi kuɗin adaidaita sahu su ci na rana su kai ɗan wani abu gida.

Kuma kuɗin ma ba shi ne mai ciwon ba, zargin ne. Ka yi shoti sau biyu sau uku a wata sai ka ga manaja ya fara tsayawa a bayanka, an fara duba jakarka da kyau in za ka fita, ba wanda zai ce maka ɓarawo a fili amma kai ka san kallon da ake yi maka. Akwai wata yarinya da muka yi aiki tare, ban taɓa manta daren da ta ƙirga durowarta sau uku tana hawaye ba, naira 5,000 babu, daga baya da aka duba kyamara aka ga wani mutum ta ba shi canjinsa, waya ta shigo masa ya tsaya amsawa, da ya juyo ta sake ƙirga masa wani, shi kuma ya kalli kuɗin ya kalle ta ya cusa a aljihu ya fita. Ya gani sarai. Ita ta biya.

Kuskuren ba iri ɗaya ba ne kuma yana da kyau ka gane wanne ne a gabanka. In canji aka ba ka da yawa, wannan kai tsaye a wuyan kashiya yake tun daren ranar. In wani kaya ne ba ta haska shi a na'ura ba, ko ka ɗauki katan shida ta danna ɗaya, durowarta za ta yi daidai, sai ranar ƙirgar kaya abin zai fito, nan kuma a wasu wuraren kan ma'aikata ake raba asarar ko a koma kyamara a nemo wanda ya wuce da shi. In kuwa farashin ne aka shigar ba daidai ba a kwamfuta, misali an kawo sabon kaya ba a sabunta kuɗinsa ba, toh wannan ba laifinta ba ne, na wanda ya shigar ne, asarar kuma ta mai kanti ce. Duka ukun ana faɗa, abin da ya bambanta shi ne wa za ka faɗa wa da kuma wa ke da ikon ce maka bar shi.

Mu da muka taso da ciniki a kasuwa mun san gyara mun san ragi. Mai tumatir ta cika maka kwano ta ƙara maka uku a kai, mai atamfa a Kwari ka taya ya ce albarka ka ƙara ya sallama ƙasa da yadda ya fara, duk wannan halal ɗinka ne don da saninsa ya ba ka. Kuskure kuwa ba sani a cikinsa balle yarda. Ayar Suratun Nisa'i ta 29 a kan haka ta tsaya, kada a ci dukiyar juna ta hanyar ɓarna sai dai ciniki ne da aka yi bisa yardar juna. Don haka in ka rasa gane inda kake ka tambayi kanka, da wannan mutumin ya ga abin da na gani zai bar ni in tafi? In amsar a'a ce toh ba rabonka ba ne, ajiyarsa ce ta maƙale a hannunka. Ina son hadisin nan da Bukhari da Muslim suka kawo na mutumin da ya sayi fili ya samu tulun zinariya a binne a ciki, ya ɗauka ya kai wa wanda ya sayar masa ya ce karɓi zinariyarka ni ƙasa na saya ban sayi zinariya ba, shi kuma ya ce ai na sayar maka da ƙasar da abin da ke cikinta, har sai da wanda ya shiga tsakaninsu ya ce a ɗaura auren ɗan wannan da 'yar wancan a ciyar da su daga ciki a yi sadaka. Maganar mai sayen nan ita ce ma'aunin, me na saya, a kan nawa muka yi.

Toh yanzu kana gaban teburinta ka ji lissafi bai yi maka ba. Kafin ka buɗe baki ka tabbatar tukun, ka duba allon kwamfutar in yana kallonka ko ka karɓi rasit ɗin ka bi shi layi-layi ka haɗa da abin da ke cikin leda, don wani lokacin garaɓasa ake yi a kan kayan kai ne ba ka lura ba, wani lokacin kuma kai ne ka yi kuskuren lissafin. In canji ne ka ƙirga shi a kan teburin a gabanta kafin ya shiga aljihunka, muddin ya shiga aljihu ya haɗu da naka maganar ta ƙara tsawo.

Sai ka matso ka rage murya, kuma ka sa maganar a matsayin tambaya. In mace ce ƙarama ka ce ƙanwata ɗan sake duba min, kamar man gyaɗan nan bai shiga ba. In namiji ne ka ce malam duba canjin nan, ina ga ya fi. In dattijo ne mai shago ka ce Baba a sake lissafin dai, kamar an rage wa kai. Shikenan fa, ba sai ka yi wa'azi ba, ba sai ka ce mata da wani ne da ya gudu da shi ba, ta sani. Ka ba ta dama ita ta gano da kanta ta gyara, sau da yawa ma na bayanka a layi ba zai san me ya faru ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba, amma in ka ɗaga murya ka ce ke wace irin kashiya ce ba ki iya lissafi ba, ko ka ce a kira maka manaja don ka nuna kai mai gaskiya ne, toh ka mayar da naira 3,000 ka jawo mata takardar gargaɗi. Babban abin da nake roƙo kuma kar ka ɗaga waya ka ɗauki bidiyo don sakawa a TikTok ko Facebook, fuskarta ce za ta yi yawo a matsayin wadda ba ta iya aiki ba kai kuma ana yi maka sambarka. Manaja sai in gyaran ya gagare ta, don a kantuna da yawa kashiya ba ta da ikon soke abin da ta riga ta rufe sai babba ya sa lambarsa, a nan ma ka bari ita ta kira shi, in ya zo ka ce masa na'ura ce ba ta kama ba muka lura tare, in dai hakan ne ya faru.

Wani lokaci za ka faɗa a ce maka ba komai bar shi. Nan ka duba wa ya faɗa. In mai shagon ne da kansa ya ce na yafe je ka, ka ce Allah ya saka da alheri ka tafi da zuciya ɗaya, ba sai ka tsaya jayayya ba. In yaron shago ne ko kashiya, kayan ba nata ba ne balle ta yafe, sau da yawa kunya ce ko tsoron kiran manaja ko ganin layi ya yi tsawo yake sa ta ce haka, daga baya kuma ita za ta cike. Sai ka ce a'a ƙanwata shigar da shi kawai ba sauri nake ba. In kuma ta duba ta ce maka yallaɓai haka farashin yake a kwamfuta, kai kuma ka san ya yi arha fiye da kima, ka ce ta tambayi babbansu, in suka duba suka ce haka ne toh ka sauke nauyi, biya ka tafi. Abin da ba ya kyautuwa shi ne ka gano kwamfutarsu na sayar da katan a kuɗin ƙwaya ɗaya ka koma ka kwaso goma ka kira abokai a waya su ma su zo.

Akwai masu cewa ai su ma suna cutarmu, su ce ba canji su ba ka minti, ko ka ga kuɗi ɗaya a jikin kanta ka zo biya ka ji wani. Gaskiya ne ana yi kuma ba daidai ba ne. A watan Fabrairun 2024 ma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja a kan wannan maganar ta bambancin kuɗin da ke manne a kanta da wanda ake karɓa wajen biya, kuma doka ta hana a karɓi fiye da abin da aka rubuta a jikin kaya. Don haka in ka ga an rubuta 2,300 aka ce maka 2,800 ka yi magana, haƙƙinka ne, ka tsaya a kai har a gyara. Amma haƙƙinka a baki ake nemansa da rana tsaka, ba a rama shi a ɓoye a kan albashin yarinyar da ba ita ta manna takardar ba.

In sai da ka je gida kana zazzage leda ka gane, kar ka jefar da rasit ɗin, a jikinsa akwai rana da lokaci, galibi har da suna ko lambar wanda ya yi maka lissafi da lambar wayar kantin. In canji ne ya yi yawa kuma wurin ba nisa ka daure ka koma a ranar kafin su rufe lissafi, ka nemi ita wadda ta ba ka ka miƙa mata ta mayar durowa, magana ta mutu ba wanda ya rubuta komai. In an kwana toh wataƙila an riga an rubuta mata shoti, ka tambaye ta, in an rubuta ku je tare a soke a littafin, in kuma har an zare a albashinta kuɗin nata ne ita za ka danƙa wa. In kaya ne ba a shigar ba ka je da kayan ko da kwalinsa da rasit ɗin, a haska a ba ka sabon rasit, kuɗin kuma su shiga asusun kanti ba na wani ma'aikaci ba. Kar ka shiga da kayan a hannu kai tsaye ba tare da ka nuna wa mai gadin ƙofa ba, don kar wajen fita a ɗauka ɗaukowa ka yi.

Wanda ya fi yawa yanzu ma ba na takardar kuɗi ba ne, na taransifa ne. Tun wahalar kuɗin farkon 2023 da aka canza fasalin 200 da 500 da 1,000 kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har mai shayi da mai nama suna da lambar Opay ko Moniepoint a manne. Sai ka tura, wayarka ta nuna ya tafi, mai kaya ya ce je ka alat zai shigo, ka isa gida da dare ka ga kuɗinka sun dawo. Shi bai samu ba kai kuma ka ci tsiren. Wannan bashi ne a kanka ba wani suna gare shi ba, kuma ya fi sauƙin biya don lambar asusunsa na nan a tarihin wayarka, ka sake turawa, in kana da lambarsa ka kira ka ce ya duba. Shi ya sa duk ranar da na biya da taransifa a wurin da aka yarda da ni na tafi kafin alat ya shigo, nakan duba balas ɗina kafin in kwanta. Haka in mai POS ya tura maka sau biyu don netwok ya yi masa wasa, ko ya ƙirgo maka 11,000 a maimakon 10,000 don sababbin takardu suna mannewa. Ribarsa a kan kowane mutum ɗari ce ko ɗari biyu, kuma ba duka ce tasa ba, ka ga takardar 1,000 guda ta cinye masa wahalar mutum biyar ko goma da ya zauna a rana yana jira. Ka ƙirga a gabansa kullum, in ya fi ka zare ka miƙa masa. Kuɗin da suka faɗo asusunka bisa kuskure kuma kar ka taɓa su, ka sanar da bankinka, masu su na iya bi ta banki da kotu a rufe maka asusu.

Inda na fi jin abin a raina shi ne 'yan talla da tsofaffi. Yarinya mai gyaɗa ko mai awara da aka ƙirga mata kaya a gida aka san nawa za ta kawo, ta ruɗe ta ba ka canjin 1,000 alhali 500 ka ba ta, musamman da magariba ga takardun nan tsofaffi da sababbi duk suna yawo tare. In ta koma kuɗi bai cika ba wata duka za ta sha, wata a hana ta abincin dare. Ko tsohuwa mai daddawa da ta haɗa lissafin ƙulli bakwai ta faɗi kuɗin biyar. Irin waɗannan ba faɗa kawai za ka yi ba, tsayawa za ka yi ku ƙirga tare a hankali har ta gane inda ta ɓata, ka ce 'yata kawo mu gani, wannan nawa ce, wannan fa, don gobe kar wani ya same ta a haka. Ɗan abin da bai kai ya kawo ba kamar naira 20 ko 50 shi ma ka faɗa, yawanci za a ce maka bar shi, amma gara ya fito daga bakinsu.

In kuma a hanya ne, ka sayi ruwa da burodi ta tagar mota a wani gari da ba ka san sunan mai kayan ba, mota ta tashi sannan ka ga ya ba ka fiye da naka, ka fara gwada abin da zai yiwu, direbobin layin kullum suna bi ta wurin kuma sukan san masu tallan tashar, ka ba amintacce daga cikinsu ka kwatanta masa. In duk hanya ta toshe, abin da malamai ke cewa shi ne ka yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je wa mai su, in kuma wata rana Allah ya haɗa ku ka gaya masa, in bai yarda da sadakar ba ka biya shi. Amma wannan na wanda ya nema ya rasa ne, ba na wanda shagon ke bayan layinsu yana jin nauyin komawa ba.

Sai maganar aike. Ka ba yaro 1,000 ya sayo maggi da gishiri ya dawo da kayan da canjin da ya fi ƙarfin lissafi yana murna. Uwa ko uba kar a karɓa a jefa a jaka a yi shiru, yaron yana kallo kuma ya san abin da ya faru. Kar kuma a hau shi da faɗa kamar ya yi sata, shi ba shi ya yi kuskuren ba. A zaunar da shi a yi lissafin tare, maggi nawa gishiri nawa saura nawa, ya ga rarar da idonsa, sannan a ce tashi mu je. In ƙarami ne a raka shi har bakin shagon, amma a bar kuɗin a hannunsa shi zai yi sallama shi zai ce Baba an ba ni canji ya yi yawa, kai kana gefe. In mai shagon ya ji daɗi ya miƙo masa alewa a bar shi ya karɓa.